Haƙoran da Ba Sa Son Waya

Mai Wuta, mai gyaran lantarki, bai taɓa yarda da filaya ba. Da haƙori yake fere waya tun yana koyon aiki: ya sa a baki, ya datse, ya fizge, ya tofar da robar. Haƙoransa na gaba suka yi ta haƙuri da shi, har ranar da wata waya mai kauri ta yi gaba da guda biyu.

Likitar haƙori ta leƙa giɓin, ta ce za ta goge na gefe da gefe, ta ɗora masa gada a kansu, wato haɗaɗɗun haƙoran da za su cike giɓin. Ta jera samfura a faranti.

"Wannan ƙarfe ne zalla. Ba ya karyewa, amma in ka yi dariya sai a ɗauka cokali ka haɗiye. Wannan ƙarfe a ciki, tangaran a waje. Wannan kuwa tangaran ne zalla, ɗan'uwan kofin shayi. Ya fi kyau, sai dai ba ya son wulaƙanci."

"Likita, wanne ne zai fere waya?"

"Malam, nan asibiti ne, ba shagon kayan aiki ba."

Shi dai ransa ya kwanta da ƙarfen. Da ya faɗa a gida, uwargida ta ajiye wankin da take yi.

"Ƙarfe a baki, ga waya a baki! Madalla. Idan an ɗauke wuta sai mu jona fanka a hancinka."

Yana shirin ramawa ya ji motsi a bayan kujera. Ya leƙa. Auta ce, 'yarsu da ko makaranta ba ta shiga ba, zaune da wayar fanka a baki, ɗaya kan yana jone a bango. Ta datse, ta fizge, ta yi "tuf" gefe, har da ɗan karkatar da kai irin nasa. Allah ya taimaka soket ɗin a kashe yake.

Ya fizge wayar. "Ke! Wa ya koya miki wannan haukan?"

"Aiki nake yi, Baba."

Uwargida ta yi masa wani irin kallo, wanda da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Nan take ya rantse ya daina. Washegari a wajen aiki, yana cikin hira da mai gidan da yake wa gyara, sai ya tsinci kansa da waya a turame, yana ta tauna kamar akuya. Bai ma san lokacin da ta shiga ba.

Ya koma asibiti da ƙurar aiki a jikinsa.

"Likita, na fasa ƙarfen. Ki sa mini wanda ya fi saurin fashewa."

"Tun da na fara aiki ba a taɓa roƙona wannan ba. Tangaran zai ci maka nama da rake in ka bi a hankali, amma ka ciji waya, ka dawo mini da giɓi."

"Shi nake so. Ni rantsuwa ba ta riƙe ni, sai tsoro."

Aka sa masa. Ranar da ya zauna gyaran wayar fankar nan a tsakar ɗaki, hannunsa ya ɗauki hanyar baki da kansa. Robar na taɓa tangaran, sai ya tuna gargaɗin likita. Ya sauke a hankali, ya lalubo filayar da ta yi tsatsa a ƙasan jaka, ya yi ta fama yana tsaki, yana gutsire tagulla tare da roba kamar sabon shiga.

Auta ta zuba masa ido. Can ta fita, ta dawo da abin maƙale shanya da guntun zare, ta zauna kusa da shi tana matsawa, tana tsaki irin nasa.

"Ga shi nan," in ji uwargida. "Saura tsakin. Shi kuma da me likita za ta toshe shi?"