Layin Baƙi

Tsohon Direba ne ya fara ganin matsalar, tun masu bokon gidan suna hamma. Bai san ko harafi ɗaya ba, amma ya yi shekara arba'in yana jan tirela, ya fita da ƙafarsa daga haɗari uku. Inji ba ya yi masa ƙarya.

Ya danna shuɗiyar jakar da ke wayarsa kamar kullum. Muryar marigayiya matarsa ce a ciki, saƙo goma sha ɗaya, a ajiye cikin baƙin akwatin da ke ƙarƙashin talabijin, wanda duk wayoyin gidan suke ɗiba daga gare shi. Yau sai jan rubutu.

"Akwatin nan ya rufe mini ƙofa," ya ce wa ɗansa, mai ɗaukar bidiyon biki.

"Yatsanka ne ya tsufa, Baba."

Tsohon da kansa ya je ya taho da mai gyara. Mutumin ya kashe rauta, na'urar da ke raba intanet a gidan, ya kunna, ya sauya kebul, ya gwada kwamfutar ɗan, ta buɗe garau. Sannan ya karɓi wayar tsohon.

"Baba, an mayar da wayarka layin intanet na baƙi. Wanda ke can ba ya ganin akwati."

"Baƙo? A gidan da na aza tubalinsa?"

Mai gyara ya dawo da shi layin gida. Jakar ta buɗe. Wayam.

Ɗan ko ɗagowa bai yi ba. "Wuri ne ya cika. Biki huɗu gare ni da ban tace ba, sai na share tarkace. Na sauya maka layi don kada ka tara mana jama'a. 'Ka sha magani?' kawai take cewa fa. Ni ma sai in riƙa faɗa maka."

"Muryoyin nan ko wurin hoto ɗaya ba su ci ba," in ji mai gyara a hankali. "Kuma ba za su dawo ba, an zuba wani abu a kansu."

Tsohon bai yi kuka ba. Ya binne abokai da yawa ba tare da ya jiƙa gemu ba. Ya nuna akwatin da sandarsa.

"Waɗannan aljihuna biyun fa?"

"Faifan ajiya ne guda biyu. In ɗaya ya mutu, ɗayan yana riƙe da komai," in ji mai gyara, ya zaro ɗaya ya nuna masa, ya mayar.

"Kamar tayar baya ke nan. In duka biyun suka fashe?"

"Sai haƙuri, Baba."

Da rana ɗan ya fita aiki. Tsohon ya durƙusa, gwiwa tana ƙara, ya zaro faifai biyun yadda ya ga an yi. Ya kai su bayan gida, ya ɗora a kan dutse, ya ɗauko tsohuwar gudumarsa ta kwance taya. Da ya gama, ya mayar da aljihunan, ya share ƙurar akwatin da hularsa, ya sha maganinsa, ya zauna jiran dawowar ɗan.

Mai musu ya je ya tambayi amaren nan huɗu ina bidiyonsu.