Gwajin Ashana a Kan Rigar Siliki

Surukin mai shago ne, shi ya sa aka ba shi manaja. Ko riƙon almakashi bai iya ba, amma kullum tef na rataye a wuyansa kamar mai shirin auna duniya. Mu teloli muna kiransa Ƙwararre, shi kuwa yana amsawa har da murmushi.

Shekarata talatin a kan keke. In za a yi wa riga ƙari, ba launi kaɗai nake dubawa ba. Sai in zaro silin zare ɗaya, in ƙyasta ashana, in kara masa. Siliki na gaske ƙaurin gashi yake yi, ya bar toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Ƙwararre ya ce wannan ƙauyanci ne, wai wayarsa ta fi hancina.

Wata malamar makaranta ta kawo rigar silikin marigayiya mahaifiyarta, hannu ɗaya ya yage. Ta ce a duk kayan tsohuwar ita kaɗai ta rage mata. Ƙwararre ya ɗauki hoton rigar, ya fita, ya dawo da yadi yana hura hanci. Na gwada zaren yadin a gaban malamar. Nan take ya narke.

"Roba ce," na ce.

"To ita rigar fa, Inna? Wa ya ce miki ba roba ba ce?" Ya fizge kwalin ashanar. "Bari in nuna miki."

Ya ɗago bakin rigar. Bai zaro komai ba, bai ma san ana zarowa ba. Na gani sarai. Kalma ɗaya ta isa in tsayar da shi, amma so nake malamar ta ga irin dolon da aka ɗora mana. Na ja bakina na yi shiru.

Ya ƙyasta ashana, ya kara wa rigar kanta. Kafin ya gama bubbuga wutar da tafin hannu, ta kama shafin ciki, ta haura har ƙugu. Ya tsaya yana hura yatsunsa, yana cewa laifin ashanar ne.

Malamar ko kallonsa ba ta yi ba. Ta naɗe abin da ya saura a hankali, ta zo ta tsaya a gaban kekena.

"Shi bai sani ba, Inna," ta ce. "Ke kin sani."