Farin Idon Auta

Matar Malam na yi wa 'yarsu Auta kitso a kan gadon asibiti, ƙafar yarinyar a miƙe cikin filasta, sai ga Hajiya, mahaifiyar Malam, da kwandon abinci da faɗanta. Tun kafin ta zauna ta fara: yara nawa ke faɗowa daga kujera su tashi su kakkaɓe riga, sai jikarta ce kullum a karye? Ko dai uwar ba ta kula, ko nonon da ta sha ne ba shi da ƙarfi.

"Kai da kake koyar da abin nan a jami'a, faɗa mini," ta ce wa ɗanta.

Malam dai, in aka taɓo aikinsa, bakinsa ba ya gajiya. Ya ce a cikin ƙashi akwai wani furotin mai zare uku, nannaɗe kamar kitson nan. Furotin kuwa sashe-sashe ne, kowane sashe da siffarsa da aikinsa. Dogon sashen shi ke ba da ƙarfi, amma akwai wani ɗan dunƙule a ƙarshe da ke kamo zaren ukun ya haɗa su, kamar yatsun mai kitso. Na Auta wannan dunƙulen ne ya zo da tangarɗa, sai kitson ya fito sako-sako. Gadonsa ake yi.

"Gado? Daga wa?" Hajiya ta tambaya, idonta na kan surukarta.

Tun bara aka gwada jininsa, kuma daga shi sai matarsa suka san abin da aka gani. Ya gyara tabarau, ya ce ba a tantance ba tukuna.

Hannun matarsa ya tsaya a kan yarinyar, sannan ya ci gaba. Ba ta ko ɗago ba. Da ta harare shi ma da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya hau karanta kwalin magani.

Auta na riƙe da madubin kitso tana jan fatar idonta.

"Hajiya, likita ya ce masu ciwona farin idonsu shuɗi-shuɗi ne. Kin ga nawa? Irin na Baba sak."

Hajiya ta ajiye kwanon da ke hannunta a hankali.

"Cire tabaran nan in gani," ta ce.