Ranar da Inna ta Roƙi Baba ya Makara

Babanmu mai gyaran rediyo ne, kuma duk unguwa ba wanda ya kai shi makara. Ga-ni-nan ake ce masa, don in ka kira shi abin da zai ce ke nan, sai ka gaji da jira ka yi tafiyarka. Innarmu kuwa mace ce mai zafin nama. Yadda aka yi suka zauna lafiya har muka girma, har yau mamaki nake.

Shi Baba bai taɓa yarda makara aibi ce ba. Yana zaune a shago tsakanin matattun rediyoyi da warin dalma, zai ce maka duk tarihin duniya haka yake: wani mutum ruwan sama ya tsare shi bai isa fagen yaƙi ba ya tsira, wani ya yi sammako ya tarar da ajalinsa. Daga nan sai ya gangaro kan nasa tarihin. Yana saurayi ya makara zuwa gwajin ɗaukar aiki a wani babban kamfani, aikin ya wuce shi, Inna har gobe tana yi masa gori. Amma ranar da rufin tsohon shagonsa ya rufta kan kujerarsa, yana gida yana neman hularsa, alhali tana kansa.

"Ita kanta uwarku," in ji shi, "da motar farko ba ta tafi ta bar ni ba, ina zan gan ta? A ta biyu na same ta, na taka mata ƙafa tana ta hararata."

"Rashin sa'ata ke nan," Inna kan ce, tana kawar da kai kada mu ga murmushinta.

Bara ciwon zuciya ya matsa masa, likita ya ce sai an yi aiki. Bai ɓoye mana ba: a shekarun Baba, ana iya tashi, ana iya rashin tashi.

Safiyar ranar aikin muka fito muka tarar da Baba a bakin ƙofa, ya riga kowa shiryawa, jaka a cinya, hula a kai. Ni na yi dariya. Inna kuwa sai fuskarta ta canza, a haka muka tafi asibiti.

Da ma'aikatan jinya suka zo tura gadonsa, ta riƙe ƙarfen gadon gam.

"Baban yara, ka saurare ni. Duk inda aka kira ka a duniyar nan sai ka makara. In an kira ka a can ciki, kada ka ce yau za ka koyi sauri."

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce, "Haba matar Yaya, ajali ai ba a makara masa."

"Na sani," Inna ta ce. "Roƙo nake."

Baba ya cire hularsa ya miƙa mata, aka wuce da shi.

Bayan azahar aka fito da shi, likita ya ce aiki ya yi kyau, saura ya farfaɗo. Waɗanda aka yi wa aiki bayansa duk suka farka, danginsu na ta hamdala. Baba shiru. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba, ta koma, ta sake dawowa da likita, suna magana ƙasa-ƙasa. Tsoro ya kama ni sosai, Gwaggo ta fita waje tana kuka.

Inna, wadda ba ta taɓa jiran Baba ba tare da faɗa ba, ta zauna ƙyam da hularsa a hannu. Sai da rana ta yi sanyi ta sunkuya daidai kunnensa.

"Baban yara."

Fatar idonsa ta motsa. Leɓensa ya buɗe da ƙyar, murya kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

"Ga ni nan."

Hawaye suka zubo wa Inna. Ta ɗora masa hular a ka, a karkace.

"Ba sauri," ta ce. "Ina nan ina jira."