Ƙwan Muniratu

Adjara ta kara ƙwan a kunnenta, ta riƙe numfashi. Shiru. Ta mayar da shi cikin injin ƙyanƙyasa, ta ɗauko na kusa da shi, wanda aka rubuta wa sunan Muniratu da jan alƙalami har da zanen fure. Shi ma shiru. Ba wai labari take nema ba. Matar da ta tashi a Bawku, gidan kakarta, tsakanin kaji da zabi, ai ba sai an gaya mata baragurbi ba. Tun ranar Litinin ta sani. Yau Juma'a, kwana ashirin da biyu ke nan da saka ƙwan, kuma tun jiya ya kamata a ji kukan 'yan tsaki.

Gidan renon yaran da Adjara ke aiki na Madam Abena ne, a ƙasan wani dogon bene da ke titin Grand Concourse a New York. Madam 'yar Kumasi ce, mai zuwa coci da hula kamar faifai, ga takardun shaida ta jera a bango har ba a ganin fenti. Duk shekara, da zarar sanyi ya saki gari itatuwa sun fara toho, sai ta tashi da hidimar koya wa yara halittar Ubangiji. Bara tsutsa ta sa aka aiko mata a akwati, tsutsa fa, aka zauna ana gadinta har ta zama malam-buɗe-littafi. Bana kuwa kowane yaro sai da ya shuka wake a kofi, sannan aka kawo injin ƙyanƙyasa da ƙwai goma sha biyu, kowa da nasa. Kullum da safe yaran sukan zagaye injin su yi masa waƙa, a cire lamba ɗaya daga lissafin kwanakin da ke bango.

Ranar da aka kawo injin Adjara ta yi dariya a ranta har ta gaji. Aikin da kaza ke yi a bayan rumbu ba wanda ya ce mata sannu, shi ne a nan sai da littafi mai shafi talatin.

To, Adjara tana da wani hali. A unguwar Nima, can gida, ta yi zaman aure, kuma wata rana aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, firjin da take sayar da ƙanƙara ya ƙone a gabanta, ya tafi da labulen ɗaki da rabin katifa. Tun daga ranar hannunta ba ya barin filogi a bango. Shekararta tara a New York, ba ta taɓa ganin wuta ta ƙifta ba, amma hannu bai san an canza ƙasa ba. Sau biyu Madam tana kama ta. Na farko firjin madarar yara, aka zubar da komai. Na biyu tankin kifi. A na biyun Madam ta zaunar da ita, ta ce babu na uku.

Na ukun ya zo ranar Juma'ar da ta wuce. Adjara ce ke kulle gida, ga ta tana sauri za ta je a yi mata kitso saboda sunan da za a yi Asabar a unguwar Park Hill. Ta bi ɗaki tana kashe fitilu, hannu yana nasa aikin. Ita dai ba ta tuna komai ba. Sai Litinin da sassafe ta buɗe ƙofa ta tarar da injin ba haske, wayarsa yashe a ƙasa, ƙwai sun yi sanyi kamar duwatsun rafi. Ta mayar da filogin, ta gyara lambar da ke fuskar injin kamar yadda ta ga Madam na yi, ta ja bakinta ta tsuke.

Mutum ɗaya ne ya sani: Hawawu, uwar Muniratu. 'Yar ƙanwar marigayi mijin Adjara ce, kuma Adjara ce da kanta ta kawo ta wurin Madam. Aka yi yarjejeniya, Hawawu ta riƙa zuwa duk Asabar tana wanke gidan, ita kuma Muniratu ta zauna da yara Litinin zuwa Juma'a, uwar ta samu zuwa jinyar wata tsohuwa a unguwar Queens. Uban yarinyar kuwa, an ce yana jihar Ohio, an ce yana da wata, an ce abubuwa da yawa. Ranar Asabar ɗin Hawawu ta ga injin a kashe. Madam ta riga ta yi mata kashedi kada ta kusanci teburin injin ko da tsumma, don haka ta tsaya ta kira Adjara sau uku. Waya tana cikin jaka, jaka tana ƙarƙashin kujera, Adjara tana tsakiyar fili ana yi mata kirari. Da ta ga kiran da yamma ta ce a ranta gaisuwa ce, gobe ma rana ce. Daga baya ko ɗayarsu ba ta ɗaga maganar ba.

Abin da ya ɗaure bakin Adjara takarda ce. Shekara shida tana neman kawo ɗanta Latif, wanda ta baro yana ɗan makaranta, yanzu har gemu yake ajiyewa. Lauya ya ce saura wasiƙa daga wurin aiki, mai nuna tana nan daram. Madam ta yi alkawarin ba ta yau.

Ƙarfe takwas yara suka fara shigowa, ba wanda ya tsaya cire rigar sanyi. Suka manna hanci a jikin injin. Muniratu, 'yar shekara huɗu mai giɓi, ta ja zanin Adjara. Da Hausa ake mata magana ta mayar da Turanci, amma yau ta ƙoƙarta ta haɗa.

"Mma, nawa yana barci?"

"Je ki duba wakenki, ya yi ganye."

"Na duba. Nawa yana barci?"

Adjara ta ce yana barci.

Madam ta sa aka yi waƙar har sau biyu, ta ce wasu 'yan tsakin malalata ne kamar wasu da ta sani a ɗakin nan, yara suka yi dariya. Amma ta yi ta kallon agogo. Wajen ƙarfe goma aka fita da su ɗan filin da ke bayan layi, an riƙe igiya an jeru, wai a nemo ganye iri uku da abu mai launin ɗorawa. Iska na kaɗawa da sauran sanyi, furanni fari tas a kan itatuwa, ƙasa kuwa kwalabe da guntun sigari. Wani yaro ya tsinci gashin tattabara ya ce zai kai wa ɗan tsakonsa ya yi bargo. Adjara ta karɓa ta riƙe masa. Duk tafiyar tana shirya maganar da za ta yi wa Madam. Ta shirya da Turanci, ta shirya da 'yar Twi ɗinta ta kasuwa, yaren su Madam, ta zaɓi wurin da za ta yi kuka. Kafin su dawo ƙofa ta rushe shirin.

Da yara suka kwanta barcin rana, Madam ta ɗauki ƙwai ɗaya ta yafito ta zuwa kicin. Ta fasa shi a faranti da bayan cokali. Wari ya tashi. Ga ɗan tsako nan a naɗe, da bakinsa da faratansa, gashi jiƙe ya kwanta a jiki, ido a rufe. Ta fasa na biyu, haka. Na uku, haka, girmansu ɗaya. Madam ta rufe farantin da takarda, ta daɗe tana wanke hannu.

Ta kira gonar da ta sayar mata da ƙwan. Adjara na tsaye tana goge kofin da ya riga ya bushe. Mutumin gonar ya ce idan duk sun mutu a girma ɗaya, to sanyi ne ya kama su, kuma ba na awa ɗaya ko biyu ba. Ta kira mai kula da benen, ya rantse wuta ba ta ɗauke ba tun da aka ɗauke shi aiki. Madam ta ajiye wayar, ta juyo.

"Anti Adjara, ranar Juma'a ke kika kulle. Kin bar shi a kunne?"

Kofin yana hannunta. Ta ji bakinta ya ce, "A kunne na bar shi."

Ba ta ƙara komai ba, Allah ya gani. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Madam ce da kanta ta je ta durƙusa bayan teburin, ta ga soket ɗaya ne a bangon, ta tuna nan Hawawu ke jona injin shara ranar Asabar. Ta miƙe tana kaɗa kai, ta ce dama ta faɗa, ta ce kada a taɓa. Adjara ta ajiye kofin a hankali don kada ya yi ƙara.

Da yara suka tashi aka zaunar da su a tabarma. Madam ta ce wannan ma darasi ne, ba kowane iri ke tsirowa ba, ba kowane ƙwai ke fashewa ba. Biyu suka yi kuka, ɗaya ya tambaya ko za a ci. Da aka sa Adjara ta kwashe sauran ƙwan a baƙar leda, ta ƙirga ta ga takwas maimakon tara. Ta duba, ta ga Muniratu ta dafe aljihun rigarta da hannu biyu. Ta ɗaure ledar.

Ƙarfe biyar da rabi Hawawu ta shigo da kayan aikinta a jiki, idonta ja don gajiya. Madam ta jira sauran iyaye suka watse, sannan ta tsayar da ita a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ƙwan ne ya dame ta ba, ɓoyewar ce. Wanda zai ga abu ya lalace ya yi shiru kwana shida yana kallon yara suna waƙa, ba za ta iya ba shi makullin gidanta ba. Daga gobe ba sai ta zo ba, kuma ta san abin da hakan ke nufi game da yarinyar.

Hawawu ta buɗe baki. Sai ta kalli Adjara, wadda ta duƙufa tana jera ƙananan takalma da aka riga aka jera. Ta daɗe tana kallon bayanta. Waya na cikin jakarta, da kira uku a ciki, da ranarsu da lokacinsu. Ba ta ciro ba. Ta zaro makulli ta ajiye a kan tebur, ta ce wa Madam ta yi haƙuri.

Ta sa wa 'yarta hula, ta ɗauko mata kofin wakenta daga taga. Da za su wuce Adjara, Hawawu ta rage tsawo kamar yadda ta saba, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa.

"Mma, sai da safe."

"Hawawu, Litinin fa, wa zai riƙe miki ita?"

"Zan nema."

"Da kin bari na yi wa Madam magana, ko nan da sati..."

"Ki bar shi, Mma. In Latif ya iso ki ce ina gaishe shi."

Muniratu ta ɗaga kai ta gaya wa Adjara da Turanci cewa za ta sa nata a ƙarƙashin filo, can ya fi ɗumi, in ya tashi za ta kawo shi Litinin kowa ya gani. Uwar ta ja hannunta suka fita.

Madam ta shiga ofis ta fito da farin ambulan. Ta ce ta rubuta duk abin da lauya ke so, har ta ƙara da cewa Adjara mace ce mai amana. Ta ce ta sake yin odar wasu ƙwan, Talata za su iso, kuma wannan karon ba mai taɓa injin sai ita Adjara, tunda ita ta san kaji. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ta bar mata kullewa.

Adjara ta tsaya a taga da ambulan a hannu. Suna nan a tashar bas a tsallaken titi. Hawawu ta jingina da ƙarfe, waya a kunne, da alama ta fara neman mai riƙon. Yarinyar ta ba uwar kofin wake, ita kuma ta dafe aljihu da hannu biyu tana tsaye cak, kada ta motsa. Bas ya zo ya tare su, da ya wuce ba kowa.

Ta soke ambulan a cikin rigarta, ta bi ɗaki tana kashe fitilu. Sai da ta kai ƙofa ta ji abu a hannunta. Ta duba, filogin injin ne, ta jawo shi har wayar ta miƙe. Ta tsaya tana kallonsa. Ta sake shi ya faɗi ƙasa, ta kulle gida. Ai babu sauran abin da zai mutu a ciki.