Rigar Mai Walda

Mijina mai walda ne, ni kuma wanki da guga nake yi, shi ya sa duk layinmu babu auren da ya kai namu rigima a kan tufafi. Ni in wanke in goge, shi ya je ya ƙone. Rigar aikinsa wata shuɗiya ce mai kauri, tartsatsin wuta ya huhhuda gabanta kamar rariya. Ranar da aljihunta na ciki ya ɓarke na nemi ƙyalle na rasa, sai na ɗauki almakashi na yanko kusurwar labulen ɗakinmu mai jajayen furanni, na yi mata faci.

Ya juya rigar ya ce, "Yanzu ni da gemuna zan riƙa yawo da fure?"

Na ce, "Daga ciki yake, wa zai gani? In ma an gani, a san kana da mata."

Da wannan rigar aka tafi da shi. Shekarar da yaƙi ya iso garinmu, sojojin wani kwamanda suka shigo layin makanikai da hantsi, suka kwashe duk namijin da suka tarar a bakin aikinsa, suka kora su filin ƙwallo na bayan makaranta. Daga gida muka ji harbin. Ina goye da 'yarmu a lokacin, ko yaye ban yi mata ba.

Da yaƙin ya lafa, aka kafa wata kotu ta musamman a ƙasar waje don a hukunta masu irin wannan aika-aika, aka kuma kama Kwamanda. Mutanen kotun suka zo da fararen motoci suka tone ramin da ke gefen filin. Sai dai an riga an bi ta kan ramin da katafila, ƙasusuwa sun cakuɗe, babu mai iya cewa wannan na wane ne. Tufafin da aka ciro su aka wanke, aka shimfiɗa a kan tebura a zauren makarantar, aka ce mu zo mu duba.

Tun daga nesa na hango shuɗiyar riga, amma shuɗiyar riga ai kowane makanike yana da ita. Na sa hannu na juyo aljihun ciki. Furen ya koɗe, amma yana nan, da ɗinkina mai karkata. Ban san lokacin da na zube ƙasa ba.

Wadda ta ɗaga ni wata matashiyar lauya ce mai yi wa kotun bincike. 'Yar ƙasarmu ce, harshenmu take yi, tun daga ranar kuma Yaya take ce mini, ni ina ce mata Ƙanwata. Na rungume rigar zan tafi da ita gida, sai ta riƙe hannuna a hankali.

Ta ce, "Yaya, ki juya bayanta ki gani."

Hudojin da ke bayanta ba na tartsatsi ba ne, na harsashi ne. A bakin hannuwan rigar kuma akwai shatin tsatsa, inda aka ɗaure shi da waya.

Ta ce, "Kwamanda yana cewa wurin faɗa suka mutu, da bindiga a hannunsu. Wannan rigar za ta ƙaryata shi a gaban alƙalai. Ki ara mana ita."

Na ce, "Ba ni da gawa, ba ni da kabari. Ko hoto bai bari ba, don ba ya son hoto. Ita kenan gare ni."

Ba ta takura mini a ranar ba, ta fi ni wayo. Gida ta riƙa biyo ni. Ta zauna a gefen teburin guga, ta ɗauki yarinya ta yi mata wasa, ta taya ni ninke zannuwan gado na mutane. Wata rana ta ɗaga labulen ɗaki, ta sa yatsa a wurin da na yanke, ta fashe da kuka. Ni na rarrashe ta, ku ji fa. A nan ta kama hannuna ta ce, "Aro ne, Yaya. Ranar da aka gama, da hannuna zan kawo miki ita. In ban kawo ba, kar ki yafe mini."

Na ba ta. Maƙwabciyata kuwa, da ta gane hular ɗanta a kan teburin, cusa ta ta yi cikin zani ta fice, ko kallon lauyoyi ba ta yi ba. Ta binne abinta, ta sa dutse, tana da inda za ta je ta tsuguna ta yi addu'a. Ta ce mini, "Ke dai abin da ke hannunka shi ne naka." Na ce mata ni gaskiya nake so duniya ta ji.

Shari'a ta yi ta tafiyar hawainiya. Yarinya ta yi wayo, ta shiga makarantar nan mai filin, ta fara tambayar ubanta. Sai in ce mata, "Rigar Babanki tana ƙasar waje, tana ba da shaida a kotu. In ta gama za ta dawo ki gan ta." Da wannan take yi wa ƙawayenta taƙama. In suka ce babansu ya sayo musu takalmi, ita sai ta ce rigar babanta ta hau jirgin sama.

Ni ma daga baya na hau jirgin, don an kira ni in ba da shaida. Na goge kayana har karin gugar ya kusa yanka hannu. Aka kai ni wani dogon gini mai sanyi, aka ajiye ni a ɗakin jira mai kujerun roba da tukunyar fure na ƙarya. Ina ta maimaita abin da zan faɗa, yadda mijina ya fita ko shayinsa bai ƙarasa ba, yadda na yanki labule, yadda na gane rigar. So nake in faɗi sunansa da ƙarfi Kwamanda yana ji.

Ƙofa ta buɗe, Ƙanwata ta shigo da wani babbansu mai farin gashi. Shi ya yi magana, ita ta fassara, idonta a ƙasa. Wai alƙalai sun ce shari'ar ta yi tsawo. Wai an daidaita da Kwamanda, ya amsa laifin harba bama-bamai a kan wata gada, su kuma sun janye sauran tuhume-tuhumen.

Ta ce, "Ya amsa laifi, Yaya. Nasara ce."

Na ce, "Laifin wa ya amsa? Ya ce shi ya kashe mijina?"

"Maganar filin ƙwallo tana cikin waɗanda aka janye."

"To ni me zan shiga in faɗa?"

"Ba sai kin shiga ba."

Sun ɗauko ni tun daga ƙasata don su ce mini ba sai na shiga ba. Na ce, "Shi ke nan. Ba ni rigata in tafi."

Ta ce akwai ƙa'ida, sai an yanke hukunci, sai an ga ko za a ɗaukaka ƙara. Ta raka ni har mota tana cewa in ƙara haƙuri kaɗan.

Haƙurin nan na yi shi har ya gaji da ni. In na kira ta a waya, sai ta ce an kusa. Daga baya ta koma cewa tana taro, za ta kira ni. Daga nan sai wayar ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Na ji an ƙara mata girma, an tura ta wata ƙasar da ake sabon yaƙi, wato ta samu wasu yayyen. Kwamanda ya yi 'yan shekarunsa aka sake shi, wai don ya nuna kyawun hali a gidan yari. Duk da haka ban cire rai ba. Na ce sun hana ni shari'a, amma riga ai tawa ce, ba su da abin da za su yi da ita.

'Yata ta zama budurwa lokacin da aka sanar cewa za a rufe kotun, iyalan mamata su je ofishinta na cikin gari. Na sayi farin ƙyalle sabo, na wanke, na goge, na ninke, don in naɗo rigar a ciki. Mun riga mun zaɓi wurin binne ta kusa da dutsen maƙwabciyata. A hanya yarinyar sai surutu take yi, tana tambaya ko rigar za ta yi mata yawa in ta gwada sau ɗaya kafin a binne.

Aka shigar da mu wani ofishi cike da kwalaye. Ga Ƙanwata a bayan tebur, ashe an dawo da ita aikin rufewar, ta yi ƙiba, ta sa tabarau, gefenta wani dattijo mai kula da ɗakin ajiya. Ta miƙe ta ce, "Sannu da zuwa, Malama. Bismillah, ku zauna."

Malama. Tun daga nan na sha jinin jikina.

Ta turo mini ambulan. Na ce, "Riga ba ta shiga ambulan."

Ta fara bayani da irin muryar da ake karanta labarai. Kayan da aka ciro daga rami sun riƙa ruɓewa a ɗakin ajiya, suna wari, ma'aikata sun yi ƙorafin lafiyarsu. A ƙa'idar aikin, in kaya sun daina zama shaida, sai a ɗauki hotonsu a ƙone su.

Na ce, "Yaushe?"

Dattijon ne ya amsa, shi bai san dawan garin ba. Ya ce, "Ai an daɗe. Tun watan da aka yi sulhu da Kwamanda."

Wato duk shekarun nan da take ce mini an kusa, rigar toka ce. Na ce, "Wa ya ba da izini?" Dattijon ya dube ta, ita kuma ta dubi hannuwanta, hannuwan nan da ta ce da su za ta kawo mini.

'Yata ta buɗe ambulan. Hoto ne mai kyau, fes. An shimfiɗa rigar rub da ciki, an aza rular awo a gefe da lamba, an zana 'yan kibau suna nuna hudojin baya. Wani hoton kuma na bakin hannu ne, da shatin waya.

Na ce, "Ina na cikin? Ina facin?"

Ta ce, "Abin da ya shafi shari'a kawai ake ɗauka."

"Kin ga labulen da idonki. Kin sa yatsa a wurin kin yi kuka."

"Na sani, Yaya."

"Malama dai. Kar ki canza."

Yarinyar ta juya hoton ta duba bayansa, ko za ta ga wani abu. Ta sake juyo shi. Ta ce, "Mama, wannan ai rigar kowa ce."

Ban taɓa jin an ci amanata irin ta wannan rana ba, har da ranar da aka yi harbin. Kwamanda bai taɓa zama a gefen teburina ya ce mini Yaya ba. Na miƙe na ce wa lauyar, "Kin ce in ba ki kawo ba kar in yafe miki. To ni zan cika nawa." Na bar mata hoton a kan tebur, tunda na shari'a ne.

Da muka isa gida, yarinyar ta wuce ɗaki kai tsaye. Ta tsuguna gaban labulen da ta tashi tana gani kullum, ta ɗago kusurwar da na yanke, ta aza tafin hannunta a gurbin.

Ta ce, "Girmansa kenan?"

Na ce, "Girmansa kenan."

Ta daɗe a tsugune a wurin. Ni kuma na buɗe akwati na mayar da farin ƙyallen a ninkensa.