Nishi Biyu

Jar fitila ta kama, aka shiga iska, Kawu yana riƙe da shafin da aka rubuta masa mutuwa. Wasan kwaikwayon rediyon kai tsaye ake yin sa, kuma shi ke fitowa a Baba Direba tun ba shi da furfura. Ko a kasuwa sunan da ake kiransa ke nan.

Marubucin wasan ɗan ƙanwarsa ne, yana tsaye bayan gilashi kusa da mai haɗa sauti. Da safe Kawu ya same shi a ofis, ya tambaye shi laifin Baba Direba. Marubucin ya ce shi fa ba ya kashe kowa; mutanen labari su ke zaɓar hanyarsu, bin su kawai yake da alƙalami. Ƙarya ce. Kowa a tashar ya san laifin. A wajen gwaji ne Kawu ya karanta wata jimlarsa, ya ce ko jaki ba zai yi magana haka ba, 'yan wasa suka tuntsire da dariya.

Aka zo wurin asibiti. Mai fitowa a 'yar Baba Direba ta fara kuka kamar yadda aka rubuta. Saura Kawu ya ja numfashin ƙarshe. Sai ya kife takardar, ya dubi gilashin.

"Share hawayenki, 'yata. Likitan nan bai san aikinsa ba. Miƙo min makullin motata."

Mai haɗa sauti ya rikice ya saki kiɗan rufewa. Wayoyin tashar suka ɗauki ƙara, masu sauraro suna ta barka. Manaja da kansa ya sauko ya ce kada a kuskura a kashe tsohon nan. Marubucin ya durƙusa ya gaida kawunsa da fara'a, ya ce ai ga abin da yake faɗa, mutanen labari su ke zaɓa.

Sabon rubutun ya iso ranar gwaji. Baba Direba ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya tafi. Kawu ya bi shafukan da yatsa yana neman layinsa. Kalma ɗaya ya samu, an rubuta ta sau biyu: nishi. Sauran duk maganar wasu ce a kansa. 'Yar tana ƙorafin warin ɗaki, surukin yana cinikin motar a gaban gadonsa, jikoki suna kwaikwayon karkataccen bakinsa. Manaja ya ce ba a taɓa rubutu mai taɓa zuciya irin wannan ba. An kuma umarci mai haɗa sauti kada ya buɗe makirfon Kawu sai marubucin ya ɗaga yatsa.

Mutumin da muryarsa ce sana'arsa, an bar masa kujera an ɗauke muryar.

Kafin a shiga iska ya tare ɗan ƙanwarsa a bakin ƙofa, ya riƙo hannun rigarsa.

"Ɗana, yaushe zai mutu?"

"Wallahi ban sani ba, Kawu. Ka san shi da taurin kai."

Jar fitila ta kama. Kawu ya zauna, ya gyara hula, ya zuba wa gilashin ido yana jiran yatsa.